Ruwan Zinaren Ganiyu Boga

Ni tela ne, sunana Abdulhafiz, shagona yana bakin ƙofar gidanmu a unguwar Maamobi, cikin Accra. Duk abin da zan faɗa muku da idona na gan shi, wani ma a kan kayana ya sauka. Kuma tun yanzu ku sani, har yau ban gama huce haushin farin yadina ba.

Gidanmu gidan haya ne, ɗakuna a jere, famfo ɗaya. A ɗakin ƙarshe Ganiyu yake da matarsa Mubarika. Boga muke ce masa, sunan da ake kiran wanda ya je Turai ya dawo. Shi da bakinsa ya ce ya yi aiki a kamfanin ƙera motoci a Jamus. Waɗanda suka san shi tun yana yaro kuwa sun ce iyakarsa tashar jirgin ruwa ta Tema, inda yake wanke motocin da aka sauke daga Jamus ɗin. Ni ban shiga wannan gardama ba. Abin da na sani shi ne, Mubarika kan fita da sassafe zuwa kasuwar Nima ta sayar da mayafai, shi kuma sai rana ta ɗaga ya fito da baƙin tabarau ya nufi bes, inda 'yan zaman kashe wando ke shan shayin ataya, ya yi ta ba da labarin kwangilar da ke kan hanya. Kwangilar nan tun 'yarsu Shifa tana goye take kan hanya, ga Shifa yanzu tana zuwa makaranta da ƙafarta.

Abin da ya riƙe masa sunan Boga shi ne motarsa. Bajamushiya yake kiranta. Tsohuwa ce tukuf: ta yi zamaninta a Jamus, ta yi wani a Lome, ta yi jigilar wani malamin makaranta a Kumasi har ya yi ritaya, sannan ta faɗo hannun Ganiyu. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ya yi ta ƙirga har ya gaji ya tsaya. Launinta kuwa ba mai iya rantsuwa a kai, rufi toka-toka, ƙofa ɗaya ja, sauran duk tsatsa. A filin gaban shagona take kwana, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta.

Muna da maƙwabci, Osumanu, direban tasi. Kun san tasi a Accra da alamarta: ko wane launi ne jikinta, kusurwoyinta huɗu, saman tayoyin gaba da na baya, rawaya ne. Wata rana Osumanu yana wanke tasa, ya dubi Bajamushiya ya ce, "Boga, motar nan zaman banza take yi, kai ma haka. Ka shafa mata rawaya ka zo tasha in yi maka hanya. Ko ba komai ka rage wa Mubarika nauyi."

Ganiyu ya sauke tabarau zuwa kan hanci. "Direba, ka san da wa kake magana? Ni in tsaya a titi ina yi wa masu kwandon kifi hon? Wannan firabet ce, motar gida. Ranar da ka ga rawaya a jikin Bajamushiya, ka cire Boga daga sunana, na yafe maka."

"Tela, ka ji ko?" in ji Osumanu.

Na ce na ji, da kunnena biyu.

A shekarar ne Mma Memunatu, mahaifiyar Mubarika, ta tashi tafiya Makka. Tsohuwa ce mai koko da ƙosai a bayan layinmu, ba ta da yawan magana. Kafin ta tafi, kowa ya je sallama ya faɗi abin da yake so a roƙa masa, kamar yadda aka saba. Ganiyu ya durƙusa ya ce, "Mma, kwangila. Babba."

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce, "Na san abin da zan roƙa maka."

Da dawowar alhazai ta matso, dangi suka taru a tsakar gidanmu don tsara tarba. Za a kafa rumfa, mata za su sa farare iri ɗaya, ni zan ɗinka. Fawaz, autan Mma Memunatu, mai sabuwar mota ta wurin aikinsa, ya ce shi zai ɗauko ta daga masaukin alhazai. Nan Ganiyu ya miƙe.

"Ni ne babban suruki a gidan nan. A motata Hajiya za ta shigo Maamobi."

Fawaz ya leƙa waje ya dawo da kansa. "Yaya Ganiyu, a waccan? Ai sai a ɗauka daga bola muka tsinto Mma."

"Ranar ba za ka gane ta ba. Sabon fenti zan yi mata."

Mubarika ta ce a hankali, "Baban Shifa, to a kai wa Ziblim mai feshi na Kawukudi mana."

"Ziblim? Ni na koya wa waɗanda suka koya wa Ziblim. A nan zan yi, da hannuna, kowa ya zo ya ga yadda ake aiki a Jamus."

Ya tafi kasuwar Tudu ya dawo da galan ɗaya na shuɗin fenti, irin wanda ake shafa wa ƙofar ƙarfe. Osumanu ya tambaye shi ina tina, ruwan da ake sirka fentin mota da shi. Ganiyu ya ɗaga kwalbar kananzir ya ce ai a Jamus ma wannan ne, suna kawai suke canza masa don su cuci baƙar fata.

Farko sai a rufe gilasai da fitilu kada fenti ya taɓa su. Ya tattaro tsofaffin jaridu, amma ba abin liƙawa. Sai ya sayo koko mai kauri ya shafa ya manna. Gaskiya ya kama, har na fara tunanin ko mutumin nan ya san wani abu. Aka kira azahar muka tafi masallaci. Kafin mu dawo awaki sun cinye jaridun tas, sun lashe kokon, ɗaya tana tsaye a kan bonet tana ƙarasa gilashin gaba. Gilashin Bajamushiya bai taɓa yin tsabta irin ta ranar ba.

"Ƙaramin abu ne," in ji Ganiyu. Ya sake sayo koko, ya zuba masa barkono har sai da muka yi atishawa. Ya manta awakin Maamobi da ragowar wake da shinkafa da yajin shito aka raine su. Wannan karon har da na layin baya suka zo. A karo na uku dai ya zauna da sanda ya yi gadi har kokon ya bushe.

Washegari ya aro tankin goyo na mutumin da ke fesa maganin sauro a kwatoci. Ya sa rigar ruwa, ya kifa hular kwano ta 'yan babur, rana kuwa tana dukan tsakiyar ka. Ya aika aka kira 'yan bes, suka zo da butar atayarsu suka jeru a benci.

"Ku lura da hannuna," ya ce. "Fenti ba ƙarfi ba ne, lissafi ne."

Ya buga famfo, ba abin da ya fito. Ya ƙara bugawa, shiru. Fentin ƙofa ya yi wa bakin tiyo kauri. Ya yi ta bugawa har tankin ya fara kumbura a bayansa, sannan ya sa allura ya soki bakin. Daidai lokacin iskar teku ta la'asar ta taso. Fentin ya fito gaba ɗaya, ya tashi sama, ya tsallake motar bai ko gaishe ta ba, ya sauka inda ya ga dama.

Inda ya ga damar kuwa igiyar shanyata ce. Farin yadin matan tarba na jiƙa na shanya don ya gama shiga kafin in yanka. Ina ji ina gani ya koma ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa. Na fito da almakashi a hannu, wallahi ban san na riƙo shi ba, sai da na ga 'yan bes suna ja da baya.

"Tela, kwantar da hankalinka," in ji Ganiyu daga cikin hular kwano. "Fari zalla ya tsufa. Na ƙara maka zane kyauta."

Kafin in sami bakin amsawa, Abiba mai wake da shinkafa ta fito daga kiyos ɗinta, wanda ke gefen filin, riƙe da kaza a hammata.

"Boga, wannan kazar fara ce da safe."

"To yanzu ta fi ta kowa a Maamobi, ba za ta ɓata ba."

"Zan gaya wa Mma Memunatu."

"Hajiya za ki ce. Kuma a motar nan za ta zo, ki jira ki gani."

Da yamma Mubarika ce ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana ba da haƙuri, ta kawo mini sabulu da kananzir, ta zauna muka yi ta dirzar yadi tare. Ta ba ni tausayi ƙwarai. Hannunta dai ya yi ta aiki.

Ganiyu ya mayar da tanki, ya ce na'urorin ƙasar nan ba su kai matsayinsa ba, ya koma buroshi. Daga rufi ya fara, wai haka ake yi a Jamus, ya gangaro bonet da but da ƙofofi, yana laftawa kamar mai yaɓen ɗaki. Rabin galan dama iska ta raba wa unguwa. Yana gama ƙofa ta ƙarshe buroshi ya taɓa gindin galan. Kusurwoyi huɗu suka rage tsirara, da tsatsarsu.

Wanda aka shafa ɗin kuma ya ƙi bushewa. Fentin ƙofa da kananzir, ga damshin teku, sai ya zauna danƙo-danƙo. Lokacin kuwa ba a daɗe da layya ba, unguwa cike da gashin rago da ƙudaje. Duk abin da iska ta ɗauko sai ya sauka a kan Bajamushiya ya zauna daram. Ganiyu ya aro fanka uku ya jera don ta bushe da wuri, fankokin suka kwaso tokar murhun Abiba suka ƙara mata. Motar ta yi gashi. Yara suka fara shafa ta suna gudu.

"Wannan shi ne yayi yanzu a Turai," ya gaya wa 'yan bes. "Fenti mai ƙyalli na sababbin kuɗi ne."

Sai labari ya zo cewa jirgin su Hajiya gobe zai sauka. Ba sauran shuɗi, ba lokacin komawa Tudu. Ganiyu ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan gwangwani na hodar ruwan zinare, irin wadda ake shafa wa ƙarfen gadon amare. Idonsa har walƙiya yake.

"Tela, Allah ne ya sa shuɗin ya ƙare. Kusurwoyin nan zinare za su sha. Hajiya ta dawo daga Makka, a zinare za ta shigo gida."

Hodar ba ta kai ta rufe ko kusurwa ɗaya ba, sai an sami abin da za a dama ta a ciki. Ya je wurin Abiba ya tambaya ko tana da ragowar fentin kiyos ɗinta. Kiyos ɗin Abiba kuwa rawaya ne, ana hango shi daga bakin titi. Na zaci za ta kore shi da ludayi. Sai ta dubi kazarta, ta dubi motar, ta shiga ta fito da gwangwanin ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ka shafa da yawa, Boga. Kada ka yi rowa."

Ya kafa tampol ya rufe motar don kada kowa ya gani sai ranar. Ya juye hodar cikin rawaya, ya ƙara kananzir, ya juya sau biyu ya ce ya isa. A cikin inuwar tampol, da ɗan ƙyallin da ya taso sama, shi zinare yake gani. Hodar kuwa ta nutse ta kwanta a gindin gwangwani, tana can har yau.

Da safe ya fito cikin farar shadda, ya tara mutane, ya yaye tampol. Rana ta haska. Jiki shuɗi mai gashi, kusurwa huɗu rawaya shar. Kazar Abiba na gefe tana tonon ƙasa.

Osumanu ya zagaya motar a hankali, hannu a baya. Ya dawo gaban Ganiyu ya miƙa masa hannu. "Barka da shigowa."

"Shigowa ina?"

"Tasha."

"Direba, wannan zinare ne. Idon da ya saba da rawaya komai rawaya yake gani." Ya juyo gare ni. "Tela, kai ne ka san launi. Faɗa masa."

Na tuna yadina. Na tuna yadda fatar hannuna ta saɓule wajen dirza. Na ce, "Zinare ne, Boga. Irinsa ban taɓa gani ba."

Mubarika ta dubi rawayar, ta dubi mijinta, ta koma ciki.

Ya ce in raka shi don girmamawa. Na san girmamawar, motar ba ta tashi sai an tura. Muka tura ta kama. Na ja ƙofar gaba in shiga, ta ƙi buɗuwa, fenti ya liƙe ta da jikin mota. Dole na zauna a baya.

Tun daga bakin titi mutane suka fara miƙo hannu. Wani ya nuna ƙasa da yatsa, wata ta yi mana tsaki irin na kiran direba, wani ya biyo mu da gudu riƙe da jaka. Ganiyu ya fitar da hannu ta taga yana ɗaga musu kamar ɗan takara.

"Ka gani, Tela? Talaka ma ya san abu mai kyau."

A mahaɗar Kawukudi cunkoso ya tsayar da mu. Ban ankara ba sai na ji an buɗe ƙofar baya, an turo mini kwandon busasshen kifi a cinya. Wata ƙatuwar mata ta biyo bayansa, ta zauna, motar ta karkata gefenta. Ta ja ƙofa ta ce, "Tudu."

Ganiyu ya juyo ya dubi matar. "Maame, firabet ce."

Ta leƙa ta taga ta dubi kusurwar baya, ta dubi ta gaba, ta dawo ta gyara zama. "Tun ba a haife ka ba nake shiga tasi. Tudu."

"Zinare ne, Maame."

"Ko azurfa ce, Tudu za ni. In ƙarin kuɗi kake so, ba zan ba ka ba."

Hanya ta buɗe, motocin baya suka dame mu da hon, wani yaron motar haya ta trotro ya zagi kakan Ganiyu. Dole ya ja. Ya ce shi filin jirgi za shi. Ta ce ya je duk inda zai je, ita dai ba za ta sauka ba sai a Tudu. Haka muka tafi, ni da kifi a cinya, farar shaddar Ganiyu tana shan ƙarni.

A ƙofar masaukin alhazai da ke filin jirgi mai gadi ya ɗaga hannu, bai ko dubi fuskar Ganiyu ba. "Tasi can gefe."

"Ka san ko ni wane ne?"

"Direba ne. Can gefe."

Muna cikin haka Fawaz ya zo a motarsa, aka buɗe masa, ya wuce yana yi mana murmushi. Ganiyu ya koma gefe cikin layin tasi. Direbobi suka kewaye shi suna tambayar wace tasha yake, wa ya yi masa wannan fenti, ko rago ya kaɗe. Ya riƙo hannuna ya ce, "Tela, ka taimake ni. Shiga ka fito da Hajiya kafin yaron nan ya sa ta a motarsa."

Na same ta zaune kan jakarta cikin farare, ta rame, ga sabon haƙorin Makka yana ƙyalli, Fawaz na tattara kaya. Na gaishe ta, na ce Ganiyu ya zo da mota, yana waje wurin 'yan tasi.

Ta ɗago. "Wurin wa?"

"'Yan tasi, Hajiya."

Ta miƙe ba tare da an kama ta ba. Ta ce wa Fawaz ya taho da kaya, ta bi ni da sauri har ina mamaki. Da muka iso ta tsaya. Ta dubi layin motocin, ta dubi Bajamushiya a tsakiyarsu, ta dubi matar kifi a kujerar baya. Ta ɗora tafin hannu a kan rawayar, da ta ɗaga sai da ya yi ɗan ƙara. Hawaye suka zubo mata.

Ganiyu yana durƙushe yana yi mata sannu da zuwa, ya karkato ya raɗa mini, "Ka gani? Kyau ya sa ta kuka."

Hajiya ta shiga baya ta gaisa da matar kifi, ta tambaye ta inda za ta. Sannan ta ce, "Ganiyu, a fara kai baiwar Allah Tudu."

"Mma, jama'a na jira a gida."

"Su jira. Ita ta riga ni shiga."

Ganiyu ya gyaɗa kai ya ce mini ƙasa-ƙasa, Makka tana gyara zuciya. Muka bi cunkoson Tudu, motar ta mutu sau ɗaya na fita na tura. Matar kifi ta sauka ta miƙo kuɗin mota. Ganiyu ya kau da kai kamar an miƙo masa garwashi, sai Hajiya ta karɓa ta ƙulle a bakin mayafinta. Tun daga nan har Maamobi ba abin da take cewa sai alhamdulillahi.

Mun tarar unguwa ta cika. Fawaz ya daɗe da isowa da jakunkuna ba Hajiya. Mata cikin fararensu, da ɗan shuɗi-shuɗin da ya ƙi fita, suka yo kan motar suna kaɗa farin hankici suna guɗa. Waɗanda suka rungumi motar don murna sun tashi da gashin rago a ƙirji. Ganiyu ya fito yana gyara tabarau, ya buɗe wa Hajiya ƙofa, ya dubi Fawaz ta gefen ido. Abin da yake so ya samu, a motarsa Hajiya ta shigo.

Aka zaunar da ita a rumfa, aka fara raba dabino da zamzam, limamin unguwa a gefenta. Sai ta ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Jama'a, ku taya ni godiya. Kowa ya ba ni saƙo na kai. Amma akwai addu'a ɗaya tawa ce, ba wanda ya aike ni. A Arfa na tsaya cikin rana na ce, ya Allah, mijin 'yata yana da mota, yana da lafiya, ba shi da sana'a. Ka karya masa girman kai ka ba shi abin yi, 'yata ta huta. Ban ko shiga gida ba Allah ya nuna mini. A layin 'yan tasi na same shi, da fasinja a ciki." Ta kwance bakin mayafi ta ɗaga. "Ga gumin farko."

Guɗa ta tashi har layin baya. Liman ya yi kabbara. Abiba ta fi kowa ɗaga murya, Osumanu kuwa ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa.

Ganiyu ya matso ya durƙusa, tabarau a hannu. "Mma, wato, akwai ɗan bayani. Wannan launin, asalinsa zina..."

"Me ka ce?"

"Na ce fentin, in aka dube shi da kyau..."

Hajiya ta sunkuyo, haƙorin Makka ya haska daf da fuskarsa. "Ganiyu, kana nufin Allah bai karɓi addu'ata ba?"

Liman ya daina tauna dabino. Ganiyu ya waiga yana neman wanda zai cece shi, ya dube ni, na duƙufa kallon takalmina. Sai idonsa ya sauka kan Mubarika. Tana tsaye a bayan kujerar mahaifiyarta, riƙe da hannun Shifa, tana kuka, kuma kowa ya ga na daɗi ne. Tun da na san ta ban taɓa ganin fuskarta ta saki haka ba.

Ganiyu ya mayar da ido kan Hajiya. "Ya karɓa, Mma."

"Ɗaga murya, kunnena ya toshe a jirgi."

"Ya karɓa."

Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha, jama'ar Maamobi kaf suka ce amin. Osumanu ya zo ya dafa kafaɗarsa, ya dube ni ya ce, "Tela, kai ne shaida." Sannan ya ce, "Ganiyu, gobe bayan sallar asuba a tasha. Sabon shiga shi ke ƙarshen layi."

Ganiyu kawai ya ce masa. Tun daga ranar ba wanda ya sake jin Boga a Maamobi.

Yanzu da sassafe yake fita, ya sauke Mubarika da ƙunshin mayafanta a kasuwar Nima, sannan ya wuce tasha. Ta fara ƙiba. Bakinsa dai bai mutu ba. Jiya na ji shi yana gaya wa sauran direbobi cewa su hukuma ce ta ba su izinin tasi, shi kuwa nasa daga Arfa aka aiko. Wani ya tambaye shi rawayar fa, wa ya shafa masa. Ya ce da hannunsa ya yi, kuma da gangan.